Tattakin Najaf zuwa Karbala: amsoshin likita ga masu shirin tafiya

A 'yan shekarun nan ranar Arba'in, 20 ga Safar, da ake tattaki zuwa Karbala don tunawa da cika kwana arba'in da shahadar Imam Husaini, tana faɗowa ne cikin zafin Iraƙi, lokacin da yake haura digiri 45 da tsakar rana. Daga Najaf zuwa Karbala kusan kilomita 80 ne, an kafa turaku masu lamba har 1,452 a bakin hanya, kuma yawancin mutane kwana biyu zuwa uku suke yi. Ga wasu tambayoyin da masu niyyar zuwa suka aiko.

Tambaya: Likita, shekaruna 58, ina da ciwon suga, ina allurar insulin safe da yamma. Zan iya wannan tattaki? Daga wani dattijo a Zariya.

Amsa: Baba, Allah ya cika maka niyya. Za ka iya, amma sai likitan da ke duba ka ya gan ka tun wata guda kafin tashi, domin shi zai daidaita maka allurar. Tafiya tana cin sukarin jini. Wanda ya taka kilomita 25 a yini da adadin allurar da ya saba yi yana zaune a shago, sukarinsa kan faɗi, wani lokaci ma sai cikin dare yana barci. In ka ji rawar jiki, zufa mai sanyi, ko kanka ya fara juyawa, ka tsaya ka auna. In ya yi ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, ci dabino biyu ko uku, ka sake aunawa bayan minti 15. Ka sanar da abokin tafiyarka waɗannan alamu tun daga gida.

Ɗaya gefen kuma shi ne karamcin mutanen hanya. Rumfunan da ake kira maukibi ba sa yankewa, kowa na roƙonka ka ci nasa, ga shayin Iraƙi da sukari ke kwance a gindin kofi. Ƙin karɓa yana da nauyi, na sani, amma ka ɗora hannu a ƙirji ka yi godiya ka wuce. Insulin ɗinka kada ya wuce digiri 30, ka nemi ƙaramar jaka mai riƙe sanyi, kada kuma ka ɗora shi kan ƙanƙara kai tsaye.

Abin da ya fi damuna dai ƙafarka. Ciwon suga na shekaru yakan kashe jijiyoyin ji a tafin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Za ka ga masu tafiya ba takalmi, kai ba naka ba ne. Duk inda ka yada zango ka cire safa, ka duba tafin da tsakanin yatsu, ko ka sa wani ya duba maka. Ƙaramin rauni da ya yi ja ko ya fara ruwa ya isa ka hau mota.

Tambaya: Na sayi sabon kambas domin tafiyar. Me zan yi kada ƙafata ta yi bororo? Daga wani matashi a Katsina.

Amsa: Ka fara sa shi yau, ka riƙa taka kilomita biyar zuwa goma da shi har ya saba da ƙafarka. Gogayya da danshi ke kawo bororo, don haka ka tafi da safa da yawa ka riƙa canzawa. Da ka ji wani wuri ya fara zafi, manna filasta tun fata ba ta tashi ba. In ya riga ya fito, kada ka ɗaye fatar, ita ce murfinsa. Basilin kuma a matsematsi da hammata, gudun ƙujewa.

Tambaya: 'Yata mai shekara 19 tana da sikila, ta dage sai ta bi mu da ƙafa. Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, ni dai ban ba da shawarar ta taka dukan hanyar ba. Ƙarancin ruwa a jiki, gajiya mai tsanani, da fita daga zafi zuwa ɗaki mai sanyin na'ura, duk suna tayar da ciwon, kuma ga su nan a haɗe a wannan hanya. In likitanta ya yarda ta je, ta yi yawancin tafiyar a mota, ta taka ɗan abin da ya rage da asuba, da magungunanta da takardar asibiti a jikinta. Zazzaɓi, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, asibiti nan take, ba jira.

Tambaya: Ina da hawan jini, kuma nakan sha diclofenac in ƙafa ta dame ni. Akwai matsala? Daga wani malami a Maraɗi.

Amsa: Akwai, Malam. Diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma in aka haɗa su da zufa da maganin hawan jini mai sa fitsari, ƙoda kan iya tsayawa cikin kwanaki kaɗan. Ka riƙe paracetamol. Maganin hawan jininka kuma kada ka daina shi da kanka, ka tambayi likitanka yadda za ka sha shi a hanya.

Ka yi tafiyar daga bayan La'asar zuwa dare, da kuma bayan Asuba, ka kwanta da rana kamar yadda za ka ga mutanen ƙasar suna yi. Ka riƙa kurɓar ruwa tun ƙishi bai kama ka ba, fitsarinka shi ne ma'auni: in ya yi duhu ko ya yi ƙaranci, ruwan bai isa ba. In gudawa ta same ka, zuba ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In kuwa ka ga wani a cikin ayarinku ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa zau, ku kai shi inuwa, ku kwara masa ruwa kuna fifita, wani kuma ya ruga rumfar masu magani mafi kusa, ya gaya musu lambar turken da kuke.