Amsoshin Tambayoyinku: Kar a Ba Waya Makullin Rumbu

Wani matashi daga Tawa ya tambaya: REST zai koya ko GraphQL, cikin hanyoyin nan biyu da waya ke neman bayanai daga saba (kwamfutar da ke riƙe da shafi), wanne ya fi zamani? Ɗana, zamani ba ya biyan kuɗin haya. Facebook ya fitar da GraphQL a 2015 don manhajoji masu bayanai jibgi, inda waya ke zaɓar ainihin abin da take so. Kai da ke gina shafin kantin magani guda, REST ya ishe ka, kuma ko ka tafi, wanda zai gyara ba zai yi wuyar samu ba.

Hajiya mai shaguna a Wadata da Katako ta rubuto hankali tashe. Yaron da ke haɗa mata shafin lissafin kaya ya ce zai rage jika hamsin idan wayoyin yaran shago suka riƙa shiga MySQL, wato rumbun bayanan, kai tsaye, ba tare da saba a tsakani ba.

Hajiya, kwantar da hankalinki, gara da kika tambaya kafin ki biya. Amma kar ki yarda. Duk kalmar sirrin da aka sa cikin JavaScript na shafi, wato umarnin da ke sauka a na'urar duk wanda ya buɗe shafin, mai kwamfuta ya danna maɓallin F12 ya karanta ta, daga nan sai ya sauya farashi ko ya share bashin da kike bin sa. Waya ta roƙi saba, saba ta duba wane ne, sannan ita kaɗai ta taɓa rumbun bayanai. A rufe ƙofa 3306, wadda ake shiga MySQL ta cikinta, daga waje. A sa HTTPS, wanda ke ɓoye bayanai a kan hanya tsakanin waya da saba. Takardar shaidar da HTTPS ke buƙata kyauta ce a wajen Let's Encrypt, wanda ya ce ki saye ta da tsada ki dube shi sau biyu.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan son araha. Mutum zai zuba miliyoyi a kaya, ya ɗora lissafinsu kan manhajar sata da aka kwaso daga Telegram, wadda sau da yawa an dasa mata ƙofar baya. Ranar da bayanai suka ɓace, yaron ya kashe waya.

Hajiya, ki kuma tambayi yaronki mai haɗa shafin: idan rezo ya yanke ana tsakiyar ciniki, yaron shago ya sake dannawa, sau biyu za a rubuta? Kowane ciniki ya samu lambarsa tun daga waya, saba ta ƙi maimaici. Ya gwada a gabanki kafin ki cika masa kuɗi.

Mai tambaya ko yana buƙatar WebSocket, wato layin da ke zama a buɗe tsakanin waya da saba: sai idan hira ce ko farashi mai sauyawa kowace daƙiƙa. Rasit ba ya buƙatarsa.