Amsa ga Kawu Sule: ƙwayar cutar alade da 'yan dakon cikin sel

Salamu alaikum jama'ar gida. Kawu Sule, ina wuni. Na saurari muryarka tun da safe, muna aji ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce Inna ta gaya maka takardar da zan gabatar a Tek, jami'armu ta Kumasi, a kan cutar alade ce, kana tambaya me ya haɗa 'yar Aboabo, jikar liman, da alade. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a cikin trotro, motar haya.

To Kawu, ni ko aladen ban taɓa ba. Abin da nake karantawa ido ma ba ya ganinsa.

Cutar ita ce zazzaɓin aladu na Afirka. A Kenya aka fara bayaninta a 1921, nan Gana ta ɓulla a 1999, ta shiga China a 2018 ta yi ɓarna ba kaɗan ba. Mai zafin cikinta idan ta faɗa garke kusan ba ta barin ko ɗaya. Gadu na daji kuwa yana yawo da ita lafiya lau, wata irin kaska ce ke ɗaukar ta daga jikinsa. Ba ta kama mutum, Hajiya ki kwantar da hankalinki.

Yanzu ga inda nake so ku bi ni a hankali. Jikin dabba da na mutum duk ƙananan ɗakuna ne da ake kira sel. Cikin sel ɗin nan ba fili ba ne, cinkoso ne irin na kasuwar Kejetia ana jajibirin Sallah. Ƙwayar cutar nan kuma babba ce a cikin 'yan'uwanta, ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike. Idan ta shigo ta tsaya bakin ƙofa, shi ke nan ta tashi a banza, don wurin da take hayayyafa yana can tsakiya, dab da cibiyar sel ɗin.

To shi sel yana da titunansa, wasu siraran bututu, maikrotubul, duk sun nufi tsakiya kamar yadda hanyoyin Kumasi ke zubewa Kejetia. Yana kuma da 'yan dakonsa. Akwai ɗaya, dainin, ƙafafu biyu gare shi, wallahi tafiya yake yi taku-taku a kan bututun da kaya, kamar kayayo, 'yar dakon kasuwa, da kwanonta. Shi kullum cikin gari yake nufa. Ranar da malaminmu ya nuna mana hotonsa mai motsi, ajin kaf sai da ya yi tsit.

Ita ƙwayar tana da wani furotin, wato sinadarin da aka gina jikinta da shi, mai suna p54. A 2001 masu bincike a Madrid suka nuna cewa wani ɗan guntu a jikinsa yana maƙale wa wani ƙaramin sashe na dainin da ake kira LC8. Kamar a ce ɓarawo ya samo takardar shaidar kaya ta gaske ya manna a goshinsa. Ɗan dako bai tambaya ba, ya sungume shi sai tsakiyar gari. Can take kafa masana'antarta. Sababbin da aka ƙera kuma wani ɗan dakon, kainisin, mai nufar bayan gari, shi ke fitar da su bakin ƙofa su tafi su kama wani sel.

Da aka zuba maganin da ke wargaza titunan a ɗakin gwaji, hayayyafar ta ja baya sosai. Amma ba za a ba dabba wannan ba, sel ɗin ma da titunan yake rayuwa. Dabarar da ta fi burge ni ita ce aka ƙera ƙananan guntaye masu kama da wancan guntun na p54, su riga ƙwayar zama a kujerar, wato LC8 ɗin. A cikin sel na gwaji kamuwar ta ragu. A kwanon gwaji fa na ce, kada wani ya je ya ce an samo magani.

Kuma Kawu, wannan dainin ɗin yana jikinka, yana jikina. Ƙwayar haukan kare ma tana da furotin da ke kama wannan LC8 ɗin. Ka ga dalilin da malamin ya ba ni wannan aikin ke nan.

Ranar Alhamis zan gabatar, ku sa ni a addu'a. Inna, na iso Asawase, a ajiye mini tuwo.