Ina ake ajiye "not"? Amsoshin tambayoyinku kan korewa a Turanci da Hausa

Wata malamar sakandare daga Zariya ta rubuto tana cewa ɗalibanta sun tsare ta da tambaya: mene ne bambancin "I really don't like it" da "I don't really like it", tunda kalmomin duk ɗaya ne, wuri kawai suka canza? Ta ce ita kanta tana jin akwai bambanci a kunnenta, amma ta rasa yadda za ta fayyace musu.

Malama, kunnenki bai yaudare ki ba. Jimla ta farko ƙi ce mai ƙarfi, irin wadda Bahaushe zai ce "sam ba na son abin nan". Ta biyu kuwa sassauci ce: "ba wani son sa nake yi ba", ko "ban cika son sa ba". Idan baƙo ya faɗi ta farko a kan girkinki, ya ci fuska. Idan ya faɗi ta biyu, kara ya yi miki.

Hanyar da nake bi da ɗalibai ita ce in dawo da su gida tukuna. Mu a Hausa muna da "ba" guda biyu a yawancin jimlolin korewa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kamar shinge. Duk abin da ya faɗa tsakaninsu an kore shi, abin da ke waje kuwa ya tsira. Bature sanda ɗaya gare shi, wato "not". Abin da ya zo bayanta ya shiga shinge, abin da ya riga ta yana waje. A "I don't really like it", kalmar "really" na ciki, don haka tsananin son ne aka kore, ba son gaba ɗaya ba. A "I really don't like it" tana waje, ta zama mai ƙarfafa korewar kanta.

Karin maganarmu ma ya san wannan dabara. Muna cewa "ba kullum ake kwana a gado ba". Dubi inda "kullum" take: cikin shinge. Ba a ce ba a kwana a gado ba, cewa aka yi ba kowace rana ake samun yadda ake so ba. Fitar da ita waje, ki ce "kullum ba a kwana a gado", sai magana ta zama wata daban, ta wanda bai da gado ma. Haka "I don't always go" take, wato ba kullum nake zuwa ba. Amma idan Bature yana nufin ba ya zuwa ko da yaushe, da wuya ya ce "I always don't go". Yana da kalma guda da ta ɗauke masa wannan nauyi: "I never go".

Akwai wani kuskure da nake yawan ji a Turancinmu na Najeriya. Mutum zai ce "I don't just know" alhali yana nufin "ni dai ban sani ba". Mutumin Landan "I just don't know" zai ce. Idan ya ji ta farkon, jira zai yi ki ƙarasa, domin a wurinsa ma'anarta "ba sani kawai na yi ba", akwai saura ke nan.

Wani ɗalibin jami'a kuma ya tambaya: me ya sa sai an jawo "do" kafin a kore magana? Me zai hana a ce "I know not"?

Da can haka suke faɗa. A zamanin Shakespeare, da kuma fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, "I know not" magana ce ta yau da kullum. Kafin nan ma, tsohon Turanci da "ne" yake korewa, a gaban aikatau. Sai "ne" ta raunana a baki, aka ƙara mata wata kalma a baya mai ma'anar "ba komai", wadda ita ce ta zama "not". Na ɗan lokaci Turawa suna da shinge biyu kamar namu, sannan ta gaban ta faɗi. Masanin harshe ɗan Denmark, Otto Jespersen, shi ya bayyana wannan kewaye a 1917. Faransanci yana tsakiyar wannan tafiya yanzu: a rubuce "ne" da "pas", a bakin titi "pas" kaɗai. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi ni sanin wannan. Kalmar "never" ma ragowar tsohuwar "ne" ce da ta manne da "ever", shi ya sa ba ta neman "do". Ana cewa "I never saw him", ba a ƙara mata "didn't".

A nan Hausa ta bi wata hanya da nake ganin ta fi kyau. Inda Bature yake sa bayanau irin su "never", mu aikatau muke sawa. "Ban taɓa zuwa ba", "ban ƙara ganinsa ba", "ban cika fita ba", "ban faye magana ba". Taɓa, ƙara, cika, faye, duk aikatau ne da suka bar aikinsu na asali suka koma yi wa wani hidima. Wannan "ban cika ba" ita ce mafi kusa da "hardly", kalmar da ke kayar da mutane da yawa. "I work hard" na mai ƙwazo ce, "I hardly work" ta malalaci. Kuma da yake "hardly" tana ɗauke da korewarta a ciki, malaman nahawu ba sa yarda a haɗa ta da "don't".

Wannan ya kawo mu ga mai tambaya ko "I didn't see nobody" daidai ce. A jarrabawa za a soke maka ita. Tun ƙarni na 18 wani malamin nahawu na Ingila, Robert Lowth, ya rubuta a nahawunsa cewa korewa biyu suna kashe juna, makarantu kuma suka riƙe. Amma Chaucer, shahararren marubucin Ingila na ƙarni na 14, yana jera korewa biyu da uku a jimla ɗaya, kuma har gobe ana jin haka a bakin mutane da yawa a Ingila da Amurka, ba wanda yake rikicewa. Kai dai rubuta "anybody", wadda take aiki kamar "kowa" a "ban ga kowa ba".

Wata 'yar kasuwa daga Kano ta ce ta lura Turawa suna cewa "I don't think he will come", alhali ba tunanin ne babu ba, zuwan ne babu. Hajiya, mu ma muna yi: "ba na jin zai zo", "ba na tsammanin za a yi ruwa". Korewar ta baro gidanta ta hau kan "ji" ko "tsammani" don maganar ta yi laushi. Inda muka rabu da su shi ne fata. Mu muna cewa "ba na fatan haka", su kuwa "I hope not" suke cewa, ko "I hope he doesn't come". Kada ki ɗauko tamu ki ce "I don't hope so".

Tambaya ta ƙarshe kan karin magana ce: mene ne ma'anar "ba cinya ba, ƙafar baya"? Ana faɗar ta idan mutum ya musa magana sannan ya kawo wata wadda ita ce dai ta farkon, suna kawai ya canza, domin cinyar dabba ai a ƙafar baya take. Abin lura shi ne, "ba" ɗin nan ba naman ta kore ba, sunan da aka kira shi da shi ta kore. Turawa ma suna da irin wannan korewa ta kalma. Saurayi zai ce "I don't like her, I love her". Bai janye son da yake mata ba, kalmar "like" ce ya ga ta yi masa kaɗan.