Matasan zakaruna da tsohon zakara sun hana gida sakat, in yanka tsohon?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon kajin Hausa a tsakar gida, manyan kaji 7 da tsohon zakara ɗaya. Da damina biyu daga cikinsu suka ƙyanƙyashe, 'yan tsaki 11 suka rayu, 6 zakaru ne. Yanzu sun kai wata 5, har sun fara cara. Tsohon ba ya barin su su ci abinci, jiya ma ya fasa wa ɗaya zanko. Kajin kuma bayansu duk ya tsige, ƙwai ya ragu. Maigida ya ce a yanka tsohon kowa ya huta. Hakan ne mafita? Daga wata uwar gida a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa kiwon albarka. A ba Maigida haƙuri, a ƙyale tsohon nan tukuna, don ba laifinsa ba ne. Ki ƙirga ki gani: manya 7 da 'yan mata 5 masu tasowa, kaji 12 ke nan, ga zakaru 7 a kansu. Lafiyayyen zakara ɗaya yana isar kaji 8 zuwa 10. Gidanki zakara ɗaya yake buƙata, in an yawaita biyu.

Ki tsaya ki kalli tsohon da safe in kin watsa musu tsaba. Ba ya fara ci, sai ya ɗauki ƙwaya ya saki yana ƙwat-ƙwat har kajin su taru. In zai hau kaza, sai ya sauke fiffike ɗaya ƙasa ya kewaye ta, in ta durƙusa ya hau. Ɗan wata 5 bai san wannan ba. Jininsa ya motsa, hankali bai zo ba, sai ya bi kaza da gudu ya cafke ta a ƙeya, kafin ta miƙe wani ya sake hawa. Abin da ya tsige musu baya ke nan, kuma kazar da ta wuni tana gudu da ɓuya ba ta cin abin kirki, balle ta yi ƙwai. Korar da tsohon ke yi wa samarin ita ce ma ta rage wa kajin wahala. In kuka yanka shi yau, gobe shidan nan za su tashi neman sarauta, kuma da yake ƙarfinsu ɗaya, faɗan ba zai ƙare da wuri ba.

Abin yi na farko, ki kwashe samarin duka ki sa su akurkinsu daban, inda ba sa ganin kaji. Wannan na rashin gani yana da muhimmanci ƙwarai. Zakarun da suka tashi tare sukan zauna lafiya in ba mace a gabansu, amma in suna hango ta ta cikin waya, a junansu za su huce. Wurin ya zama da fili da iska, da sandar kwana, kuma ki aje kwanon abinci da na ruwa biyu nesa da juna don kada mai ƙarfi ya tare.

Shi wanda aka fasa wa zanko, ki wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki shafa shuɗin maganin nan GV, ki ware shi har ya bushe. Kaji in suka ga jini ba sa daina sara.

Sai abinci, inda masu kiwon gida da yawa ke kuskure. Idan kina sayen abincin kaji masu ƙwai, kada samarin su dogara da shi. An cika shi da sinadarin kalsiyam don ɓawon ƙwai, wanda ya yi wa tsuntsun da ba ya ƙwai yawa, yana iya taɓa masa ƙoda. Ki ba su na masu tasowa, ko dusa da ɓarzajjen masara da dawa, ki haɗa da ƙuli-ƙuli ko waken suya da aka soya aka niƙa. Tsabar gero kaɗai ba ta sa nama.

Cikin shidan ki zaɓi ɗaya: mai faɗin ƙirji, miƙaƙƙun ƙafafu, ido tarwai, wanda ba ya kai wa yara sara. Ni ba na barin zakara mai bin mutane a gidan da ke da ƙananan yara, komai kyansa, don in ƙaiminsa ya fito yana iya yi wa yaro illa a fuska. Shi ma zaɓaɓɓen, ki tuna uwarsa da 'yan uwansa ne a garken. In jini ɗaya ya yi ta maimaituwa, ƙyanƙyasa takan ragu, tsakin su fito ba ƙwari. Ya fi kyau ki yi musaya da wani gida mai kaji masu kyau. Sai dai baƙon zakara ba ya shiga garke kai tsaye, ki killace shi aƙalla mako 2 ki ga lafiyarsa.

Sauran biyar ki ciyar da su sosai wata ɗaya ko biyu, a sayar ko a yanka a gida, kafin hunturu ya kankama. Lokacin ne annobar nan ta Niyukasil, mai sa koren kashi da karkacewar wuya, ta fi share kajin gida. Ba ta da magani sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido. Ki tambayi ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukumarku, a yi wa garken duka, a riƙa maimaitawa bayan wata 3 zuwa 4.

Ranar da za ki haɗa sabon da tsohon, kada ki sake shi haka kawai. Ya yi mako guda cikin keji a tsakar gida suna ganin juna, sannan ki ɗora shi kan sandar kwana da dare. Da safe za su gwada ƙarfi, ki bar su muddin ba jini kuma ƙaramin na da wurin gudu. In bayan kwana 3 har yanzu ana zubar da jini, to filin bai ishe su ba, sai ki zaɓi ɗaya. Idan tsohon ya haura shekara 3, ƙwan kajin da yake hawa sun fara yawan yin bara-gurbi, a nan ne maganar Maigida ta yanka za ta yi daidai.