Amsa ga mai tambaya kan spincast da jifa a ƙarƙashin gadar jiragen ruwa

Ɗan uwa, sannu da haƙuri. Ka ce zare yana cukurkuɗe maka a cikin murfin spincast, wato na'urar naɗe zaren kamun kifi mai murfi da maɓalli a baya, kuma in ka yi jifa a gindin gadar da jirage ke tsayawa, ko dai ƙugiya ta kafe a katako ko ta faɗi nesa da inuwa, kana neman shawarar wacce za ka saya. Wallahi na san wannan takaici.

Mafi ciwo shi ne lokacin da kifi ya kama. Ka ji nauyinsa, ka murza hannun na'urar, sai ka ji fayau, ba abin da ke naɗuwa. Ka sake murzawa, shiru. Kafin ka buɗe murfin ya zagaye turken gadar sau biyu, zaren ya gogu da katako, ya tsinke, ka tsaya da sanda a hannu zuciya na tafasa. Sanadin wani ɗan fil ne da ke fitowa daga ƙoƙon da ke juyawa a ciki, shi ke kamo zare. In zaren ya yi sako-sako, fil ɗin ba ya kama shi. Saboda haka da zarar ƙoto ya faɗa ruwa, ka ɗaga sanda, ko ka matse zaren da yatsu biyu a gaban murfin, sannan ka fara naɗi. Rabin matsalarka ke nan.

Wajen saye, ka kwance murfin ka duba da idonka. Ka nemi mai fil biyu ko fiye, na ƙarfe, da murfin ƙarfe. Ina jin haushin masu tura wa mutane na roba zalla, don zare yana cin bakin ramin murfin da yake fitowa ta ciki har ya yi kaifi ya riƙa yanke shi. Zebco 33, wadda ke kasuwa tun 1954, ta isa ga matsakaitan kifi. In kana son saurin janye kifi daga turaku, Zebco Bullet tana juyi 5.1 a murza ɗaya. Sanda kuwa gajera, kamar mita 1.7 zuwa 1.8.

Kada ka sa zaren kitso, wato braid, ya yi laushi, fil ba ya kama shi sosai. Ka sa na leda, mono, mai ɗaukar laba 8 zuwa 10, kuma kada ka cika abin da zaren ke naɗuwa a kai fal, ka bar kamar milimita 3 a baki. Bayan kowane kifi ka shafa mita ɗayan ƙarshe da yatsa, in ka ji kaushi ka yanke ka sake ɗauri.

Jifa ta saman kai ba ta da amfani a nan. Ka sauke bakin sanda kusa da ruwa, ka danne maɓallin sakin zare ka riƙe, ka wurga ta gefe da wuyan hannu kawai, ka saki lokacin da sandar ta kusa fuskantar wurin. Ƙoton zai yi tsalle a kan ruwa kamar faffaɗan dutse ya shige inuwa. Tanar roba marar dalma ko mai nauyin giram 3.5 zuwa 7 ta fi yin haka. In ka ga yana tashi sama, sandar ce ka ɗaga a ƙarshen jifan. In zai bugi turke, ka tare zaren da yatsan ɗaya hannun a bakin ramin, don sake danna maɓalli yana tsayar da shi da ƙarfi har ya dawo baya.

Af, birkin zare, wato abin da ke sakin zaren a hankali in kifi ya ja da ƙarfi. In ka ji yana ƙara kifi na ja, ka daina murzawa, kowace murza a lokacin murɗe zaren take, ita ke haifar da cukurkuɗewar gobe. Wanda ya riga ya murɗe, ka cire ƙugiya, ka saki kamar mita 30 ruwa ya ja shi, ka naɗo ta tsakanin yatsu.

Kuma don Allah ka kiyaye igiyoyin jiragen mutane, ƙugiya in ta nutse cikinsu wani hannu za ta yaga.