Daga ina sana'ar sayar da katin gaisuwa ta samo asali?

Tambaya: Ni mai buga katin ɗaurin aure ne. Na ji cewa a Ingila da Amurka akwai shagunan da ba sa sayar da komai sai katin gaisuwa. Yaya wannan sana'a ta fara, kuma me ya sa ake cewa shagunan suna rufewa?

Amsa: Gidan waya ne ya haifi wannan sana'a. A 1840 Ingila ta mayar da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya tak zuwa ko'ina a cikin ƙasar, kuma mai aikawa ne ke biya ta hanyar sayen kan sarki. Shekara uku bayan haka, a 1843, wani jami'in gwamnatin Ingila, Henry Cole, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti, aka buga kusan 1,000, aka sayar da kowanne sule ɗaya. Ya yi wa talaka tsada. Sai da buga hoto mai launi ya yi arha, sannan kati ya shiga hannun kowa. A Amurka, Louis Prang na Boston ne ya buɗe kasuwar katin Kirsimeti a 1875.

Abin da ya kamata ka lura da shi, malam, shi ne yadda aka sauya tsarin baje kaya. Da can katuna a cikin durowa suke bayan kanta, sai ka tambaya a ciro maka. Kamfanin da Joyce Hall ya fara a Kansas City a 1910, wanda daga baya ya zama Hallmark, shi ne ya yaɗa katakon jera kati a buɗe a shekarun 1930. Mai saye ya ɗauka da hannunsa, ya buɗe, ya karanta, ya mayar, ya ɗauki wani. Wanda ya shigo neman kati ɗaya sai ya fita da uku. A ganina wannan ne ya mayar da abin sana'ar shago. Takardar naɗe kyauta ma a shagon 'yan gidan Hall ta samu karɓuwa: a 1917 takardar da suka saba sayarwa ta ƙare musu, suka fito da takarda mai ado da ake sa wa a cikin ambulan, jama'a suka wawashe ta.

Batun rufewa kuwa, ba a daina sayen kati ba. Haya da sarin kaya ne suka karya wasu. Clinton Cards, kamfanin shagunan kati da Don Lewin ya kafa a Ingila a 1968, ya kama shaguna a manyan titunan kasuwa masu tsadar haya, kuma yana saro katin daga wasu kamfanoni, don haka ribar a raba take. A 2012 bashi ya durƙusar da shi, kusan rabin shagunansa suka rufe. Card Factory kuwa, wanda ya fara a garin Wakefield na Ingila a 1997, shi ke zana yawancin katinsa ya buga a maɗaba'arsa, shi ya sa yake iya karya farashi ya kuma ci riba.

Sai matsalar kwantai. Katin biki na da lokaci: ranar da biki ya wuce, abin da ya saura ya zama jarin da ya kwanta har baɗi, in ma bai koɗe ba. Kamfanin Moonpig, da ya fara aiki a intanet a 2000, ya kauce wa wannan ta hanyar da ka riga ka sani a aikinka: ba ya buga kati sai mai saye ya zaɓi zane, ya sa suna, ya biya.