Wane harsashin ƙaramar bindiga ya fi ƙarfi? Amsa ga yaron ma'ajiyar makamai

Ka tambaye ni, ɗana, a kan gardamar da ka ji ana yi a bakin ma'ajiya: wani ya ce harsashin 11,43 shi ne sarki domin yana kayar da mutum nan take, wani ya ce na Tokarev, bindigar Rasha, ya fi domin babu abin da ba ya hudawa, kai kuma kana so ka san wanne ya fi ƙarfi, wanne ya dace da mai tsaron kansa. Dukansu biyu sun kama wani yanki na gaskiya sun saki sauran. Ajiye tsumman hannunka mu bi abin daki-daki.

Fara da karanta gindin kwanson harsashi. In ka ga 9×19, lambar farko kaurin dalmar ce a milimita, ta biyu tsawon kwanson. Faransawa da mu nan Nijar muna ƙirga da milimita, Amurkawa da inci, shi ya sa abin da suke rubutawa .45 mu muke ce masa 11,43, .32 nasu shi ne 7,65 namu, .25 shi ne 6,35, .380 kuma shi ne 9×17 da ake kira tara gajere. Sunan kan yi ruɗi. Dalmar .38 Special ba ta kai kaurin da sunanta ya nuna ba, wajen milimita 9,07 ce, daidai da ta .357 Magnum.

Ƙarfin duka ana auna shi da jul, lissafinsa kuwa ba wuya: rabin nauyi a kilo, a ninka da gudu, a sake ninkawa da gudu. Tunda gudu sau biyu yake shiga lissafi, shi ke da rinjaye a kan nauyi. Dalmar 9×19 ta giram 8 tana fita da wajen mita 360 a daƙiƙa, ta ba da jul 500 da ɗoriya. Ta 11,43 giram 15 ce, kusan ninki biyu, amma gudunta wajen mita 255 ne, sai ta tsaya a jul 480 zuwa 500. Ta Tokarev, wato 7,62×25, giram 5,5 ce kawai, gudunta ya haura mita 420, ita ma jul 500 da 'yan kai. Ka ga harsasan nan uku da ake ta ɗaga jijiyar wuya a kansu, a ma'aunin jul kusan kansu ɗaya. Yanzu ka gwada su da na Kalashnikov: dalmar giram 8 ce kamar ta tara, wato 9×19, amma gudunta wajen mita 715, jul ya kai 2000. Gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Duk ƙaramar bindiga mai rauni ce in aka jera ta da doguwa, kuma duk wanda ya manta haka zai ɗora mata abin da ba za ta iya ba.

Na ƙasa da waɗannan ba sai mun daɗe a kansu ba. Makarov 9×18 wajen jul 300, tara gajere wajen 260, 7,65 wajen 200, 6,35 bai kai 100 ba. A libarba, wato bindiga mai ganga da ke juyawa, .38 Special yana wajen 300, .357 Magnum na 1935 yana haura 700, da shuri da ƙara da walƙiyar baki daidai da haka. Duk waɗannan lambobi sukan motsa da tsawon bututu da kamfanin da ya cika harsashin. Gajeren bututu yana cin gudu domin albarushi bai gama ƙonewa ba dalma ta fita.

Maganar kayar da mutum kuwa ka cire ta a ranka. Turin da dalma ke kaiwa gaba, kwatankwacinsa ne ke dawowa hannun mai harbi. Da 11,43 na iya jefar da ƙato, da mai riƙe da bindigar ma ya faɗi. Turin dalmar giram 15 a wannan gudu bai wuce na kilo ɗaya na sukari da aka saki daga tsayin santimita 75 ba. Mutum kan faɗi ne don an taɓa ƙwaƙwalwa ko laka, ko don jini ya zuba har jiki ya kasa, ko don tsoro da zafi sun sa ya bari. Na farko yana tsayar da shi nan take, na biyu yana ɗaukar daƙiƙoƙi ko mintoci, na uku kuwa ba abin dogaro ba ne.

Wannan ne ya sa masu sanin aikin suka fi damuwa da zurfin shiga. A ranar 11 ga Afrilu 1986, a Miami ta Amurka, 'yan sandan FBI sun yi musayar wuta da 'yan fashi biyu, aka kashe jami'ai biyu, biyar suka ji rauni. Wata dalmar tara mai buɗe baki ta ratsa hannun ɗaya daga cikin 'yan fashin ta shiga ƙirji, ta tsaya dab da zuciya, shi kuwa ya ci gaba da harbi. Bayan haka hukumar ta kafa ma'auni: ana harbi cikin dunƙulen jelatin mai kashi 10 cikin 100, dalma ta shiga aƙalla inci 12, kada ta wuce 18, wato santimita 30 zuwa 46. Ana kuma maimaita gwajin bayan tufa mai kauri, da farantin ƙarfe, da katako, da gilashin mota. Kada santimita 30 ta ba ka mamaki don ƙirjin mutum bai kai haka kauri ba. Jelatin ba ya da ƙashi da fata, kuma dalma kan fara ratsa hannu ko ta zo a karkace. Daga wannan bincike aka koma 10 mm, shurinsa ya yi wa jami'ai da yawa nauyi, aka rage shi ya zama .40 S&W a 1990. Wajen 2014 hukumar ta yanke shawarar komawa 9×19, domin ƙirar dalma ta inganta har tara na cika ma'aunin, jami'ai kuma sun fi samun abin da suka auna da ita, cikin sauri, da harsasai masu yawa a sharja, wato gidan harsasai.

Ƙirar dalmar ta fi lambar da ke gindin kwanso tasiri a nan. Mai cikakkiyar riga ta jan ƙarfe ba ta buɗewa, tana yin siririn rami ta wuce. Ta tara irin wannan tana ratsa fiye da santimita 60 na jelatin, ma'ana za ta fita ta bayan mutum da sauran ƙarfinta. Mai rami a baki tana buɗewa kamar laima, ta faɗaɗa rauni, ta tsaya da wuri. Tana da nata cikas: in zaren tufa mai kauri ya toshe ramin sai ta ƙi buɗewa, in kuma gudu ya yi kaɗan, kamar a 7,65 ko tara gajere, ko dai ta ƙi buɗewa ko ta buɗe ta tsaya kafin ta kai zurfin da ake so. Shi ya sa a ƙananan nan da yawa suka fi yarda da mai cikakkiyar riga. Sojoji kuma mai riga suke amfani da ita tun yarjejeniyar Hague ta 1899 da ta hana dalma mai buɗewa a yaƙi, don haka mafi yawan abin da zai ratsa hannunka a ma'ajiya mai riga ne.

A nan ne mai yabon Tokarev yake da gaskiya, kuma a nan ne gaskiyar tasa ta zama abin tsoro. Siririyar dalma mai gudu tana huda ƙofar mota da katako fiye da tara da 11,43. To amma ka duba garin nan namu na Damagaram. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen Birni tana shanye dalmar ƙaramar bindiga. Ƙofar kwano, zana, taga, rufin tol, waɗannan ba sa tsayar da ko 7,65, bulon siminti mai rami a ciki ma ba abin da za ka rantse a kansa ba ne. A Zango gida na manne da gida, dare in ya yi zafi mutane a tsakar gida suke kwana. Ga duwatsun Damagaram da daɓen siminti, dalma mai riga in ta same su a karkace sai ta yi tsalle ta kama wata hanya. Dalmar tara da aka harba sama a karkace tana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma inda ta sauka tana kisa. Duk wanda ya tambaye ka harsashin da ya fi huda, ka tambaye shi wa ke kwance a bayan bangon.

Ra'ayina, in hukuma ta ba mutum izini kuma aikinsa na buƙata, 9×19 ne tsaka-tsaki. Georg Luger ya fito da shi a Jamus a farkon shekarun 1900, har yau shi ne na rundunonin NATO, shi ne MAC 50 ta Faransa ke ci, Amurka ma ta bar 11,43 ta koma kansa a 1985. Colt 1911 na ɗaukar 7 a sharja, Tokarev da Makarov 8, MAC 50 na ɗaukar 9, Beretta 92 kuwa 15, Glock 17 har 17. Shurinsa mai ɗaukuwa ne ga yawancin hannaye. Mai raunin wuyan hannu da ke samun tsakiyar allo da 7,65 ya fi wanda ke rufe ido yana fizgar kunama da .357. Ga wanda ba zai riƙa kula da bindiga sosai ba, libarba .38 ta fi haƙuri da ajiya, ko da yake harsashi biyar ko shida take ɗauka.

Yanzu ga abin da ya shafi hannunka kai tsaye, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Tara kala uku ne, ba sa musanya. 9×17, 9×18 da 9×19 a ido kamar 'yan uwa, amma dalmar Makarov ta fi kauri, wajen milimita 9,27, ta sauran biyun wajen 9,02. Matsin wutarsu ma ya bambanta: 9×19 yana kai bar 2350, Makarov 1600, tara gajere 1350. Bindigogin Makarov da na tara gajere yawanci nauyin kulas, wato ƙarfen sama mai ja da baya, da rasor, wato sifirin, kaɗai ke riƙe kwanso lokacin tashin wuta, ba su da makulli, don haka ba a gina su don matsin 9×19 ba. Tara gajere a ɗakin harsashi na bindigar 9×19 yakan zurma ciki, allura ta kasa kai wa ƙyastun gindi mai kunna albarushi, ko ya tashi kulas ya kasa komawa baya sosai, kwanso ya maƙale. A libarba, .38 Special na shiga .357 lafiya lau, amma kwanson .357 an ƙara masa tsawon wajen milimita 3,5 da gangan don kada ya shiga ɗakin .38, domin matsinsa ninki biyu ne. In an daɗe ana harba .38 a .357, dauɗa kan yi zobe a ɗakin, sai ka goge da buroshi kafin dogon kwanso ya zauna. Ƙa'idar ita ce rubutun da ke jikin bututu ya yi daidai da na gindin kwanso, harafi da harafi. In rubutun ya goge, ɗauko ma'auni, kada ka gwada da "bari mu ga ko zai shiga".

Tsofaffin harsasan Tokarev da wasu na Makarov ƙyastunsu na barin gishiri a bututu. Mai ba ya narkar da gishiri. Da damina, a watan Agusta, kwana ɗaya ko biyu ya isa tsatsa ta fara cin zanen cikin bututun. Ka wanke da ruwan zafi a ranar da aka yi harbi, ka busar sarai, sannan ka shafa mai kaɗan. Da hunturu kuwa mai mai yawa shi ne abokin gaba, ƙurar iska na haɗuwa da shi ta zama laka a hanyar kulas. Kada mai ya taɓa harsashi ko cikin sharja, yana iya kutsawa ya kashe ƙyastu. Zafin bazara yana ƙara matsi, yana kuma tsufar da albarushi, saboda haka akwatin harsashi a inuwa, a bisa katako, ba cikin mota a rana ba. Harsashin da aka sha sa shi a ɗaki ana fitarwa, dalmarsa kan nutse cikin kwanso, wurin albarushi ya ragu, matsi ya hau. Jera shi da sabo a kan tebur, in ya fi gajarta ka ware shi.

A filin gwaji abu biyu ne ke fasa bindiga da hannu. In an ja kunama ba ta tashi ba, baki ya ci gaba da kallon allo har daƙiƙa 30 kafin a buɗe, domin ƙyastun da ya sha laima kan yi jinkiri. In kuma ƙarar ta fito a raunane, shuri bai zo ba, a dakata nan take. Wataƙila dalma ta tsaya a tsakiyar bututu, ta biyu in ta same ta bututun zai kumbura ko ya tsage. Cire sharja, ja kulas, duba ɗaki da ido da yatsa, sannan ka zura sanda ta tabbatar hanya a buɗe take.

Kafin duk wannan, takarda. A ƙasar nan farar hula ba ya riƙe ƙaramar bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida. Bindigar da ta zo teburinka, ka gwada lambar jikinta da ta takarda kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, ka rubuta a rajista. Wadda aka kankare wa lamba ko ta zo ba takarda, ba ka gyara ta, ba ka ba mai ita shawarar harsashi, ka sanar da ni a kai maganar ga jandarmomi. Wanda kuma ya zo da takardarsa cikakkiya, bayan ka gaya masa abin da bindigarsa ke ci, ka tambaye shi inda yake ajiye ta: a kulle, ba harsashi a ciki, sharja a wani wuri dabam da yara ba su sani ba. Yatsan yaro ɗan shekara huɗu na iya jan kunamar bindigar da aka ɗana, 6,35 ɗin da muka ce bai kai jul 100 ba kuwa yana ratsa ƙoƙon kai.